Abin da Bununi Ke Faɗa Game da Kwal ɗin Ƙasarmu

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, wanda ya daɗe yana aikin binciken ma'adinai, ya gabatar a taronmu na shekara da aka yi a unguwar Nasarawa, Kano. Mun buga shi kamar yadda ya miƙo mana.)



Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai ya kafa mini sharaɗi biyu: kada in wuce minti talatin, kada kuma in sa jama'a gyangyaɗi. Na farkon zan yi ƙoƙari. Na biyun kuwa ba a hannuna yake ba, domin na hango waɗansu da tun muna aji uku ba su taɓa kai ƙarshen darasi ido biyu ba, ga su nan a layin gaba, yau sun zama manyan mutane.

Bari in fara da wani abu da ya faru a gidana, nan bayan wannan zaure ba nisa. Wata rana da la'asar wani ɗan'uwan abokina ya yi sallama, ya shigo da gwangwanin madara a lulluɓe da tsumma, yana ta waige-waige kamar wanda ya ɗauko zinariya. Ya buɗe, sai ga waɗansu baƙaƙen duwatsu masu ƙyalli. Ya ce wani mutum ne ya nuna masa fili a wani ƙauye kudu da Kano, ya tabbatar masa kwal ne shimfiɗe a ƙarƙashinsa, kuma in ya yi sanya waɗansu 'yan kasuwa daga waje za su riga shi. Har ya yi cinikin filinsa na gado a cikin gari don ya biya, saura karɓar kuɗi. Na ɗauki dutsen na ji nauyinsa, na duba 'yan ƙofofin da ke jikinsa, na ce masa, "Alhaji, wannan ai kashin maƙera ne." Watau dattin da ke saura in an narkar da tama. Ba abin mamaki ba ne a same shi a ƙasar Kano, inda ake narkar da ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Bai ji daɗin maganata ba. Ya ce ta yaya zan yanke hukunci ban je wurin ba? To, amsar da na ba shi a gurguje ran nan, ita nake so in ba ku yau a tsanake, domin na san akwai masu 'yan kuɗin fansho a nan da irin wannan gwangwani zai iya zuwa ƙofarsu.

Kowa a nan ya san bununi. In ka ratsa gonar gero ko ta masara a tsakiyar damina, za ka fito rigarka ta yi ƙura mai ruwan ɗorawa. Wannan ƙura ita ce namijin irin tsiro, ita iska ko ƙudan zuma ke ɗauka su kai wa macen kafin a sami ƙwaya. Masu noman dabino sun fi kowa sanin haka, tun da su da hannu suke ɗauko furen namiji su saka a jikin na mace. Akwai kuma tsirran da ba sa fure sam, irin su gansakuka da ganyayen nan masu kama da gashin tsuntsu da ake gani a wuri mai laima a kudu. Su ta wata ƙura ta daban suke yaɗuwa, irin wadda ke zubowa in ka kaɗa laimar kwaɗi da ta tsufa. Don sauƙin magana, ta masu fure zan kira ta bununi, ta marasa fure kuwa ƙurar iri. Yawancinsu ƙwaya ɗaya ba ta kai kaurin silin gashi ba, sai da madubin likita ake ganinta.

Abu biyu ne suka sa wannan ƙura ta zama abin aiki a wurinmu. Na ɗaya, ɓawonta yana da taurin kai ƙwarai. Ganye ya ruɓe, itace ya ruɓe, ƙashi ma ya narke, amma ɓawon bununi in ya faɗa cikin taɓo inda iska ba ta shiga, sai ya zauna shekaru miliyoyi da kamanninsa. Na biyu, kowane dangin tsiro da irin zanen da ke jikin bununinsa. Wani mulmulalle ne da ƙofa ɗaya, kamar na ciyawa da hatsi. Wani yana da tsaga ɗaya doguwa, kamar na dangin giginya da dabino. Wani ƙaya ce ta rufe shi, wani kuma kamar an saƙa masa raga. Ƙurar iri kuwa sau da yawa za ka gan ta da tabo mai reshe uku a tsakiya, kamar sawun kaza. In ido ya saba, yadda tsofaffi ke duban tsagar fuska su gaya maka asalin mutum, haka ake duban waɗannan a faɗi danginsu.

Shi kuwa kwal, asalinsa fadama ce. Itatuwa da ganyaye su yi ta faɗawa cikin ruwa kwance, ba su ruɓe duka ba, su taru su yi tudu. Daga baya kogi ko teku ya kawo yashi da laka ya binne, nauyi da zafin ƙarƙashin ƙasa su matse su gasa. A ƙiyasi, sai an tara kamar mita goma na wannan ruɓaɓɓen itace kafin a sami mita ɗaya ta kwal, kuma tarin yana ɗaukar dubban shekaru. Duk tsawon wannan lokaci bununin itatuwan fadamar yana zuba a ciki kowace shekara. Ke nan ɗan gutsuren kwal da bai wuce ƙwayar goro ba yana ɗauke da dubban shaidu na dajin da ya haife shi.

Ilmin karanta waɗannan shaidu shi ake kira falinoloji, daga wata kalmar Girkanci mai nufin barbaɗawa. Waɗansu Turawan Birtaniya biyu, Hyde da Williams, suka laƙaba masa sunan a 1944, amma aikin ya girmi sunan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lennart von Post, shi ya nuna a 1916 cewa in aka ƙidaya bununi hawa hawa a cikin taɓon fadama, za a ga yadda daji ya yi ta sauyawa. A shekarun 1930 kuma Arthur Raistrick ya ɗauko dabarar ya shigar da ita ramukan kwal na arewacin Ingila, saboda wata matsala ta kuɗi tsantsa, wadda zan zo kanta.

Yadda ake fiddo su daga dutse aiki ne na haƙuri da hatsari. Injin haƙa yana fiddo dutse dogo mulmulalle kamar gaɓar rake. Sai a ɗebi kaɗan a daka shi ya koma kamar tsakin gero. In kwal ne, a jiƙa shi a wani asid mai ƙarfi ya sassauta shi, kana a wanke da wani ruwa ɗan'uwan kanwa, sai ka ga baƙin ruwa yana fita kamar shayi. In laka ce ta sama ko ƙasan kwal ɗin, akwai asid mai cin farar ƙasa, akwai kuma mai cin yashi. Wannan na biyun gilashi ma cinye shi yake yi, don haka a mazubin roba ake aiki da shi, kuma in ya ɗiga a fata ratsawa yake yi har ƙashi. Duk wanda ya yi aiki da shi ya koyi natsuwa, ko da bai zo da ita daga gida ba. Abin mamaki, bayan duk wannan azaba dutse ya narke, amma bununi yana nan. A tace, a ɗiga a kan ɗan gilashi, a zauna gaban madubi a yi ta ƙidaya, ɗari biyu ko ɗari uku a kowane samfur. Wuyana da kuka ga ya ɗan karkace, can na samo shi.

To, yaya ake gane shekaru? Na san wani zai ce ai akwai gwajin kabon da muke ji a rediyo. Wannan gwaji ba ya wuce shekara kamar dubu 50. Zai yi wa gawayin da aka tono tare da kashin maƙeran Dala aiki, amma kwal ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Hanyar bununi daban take, kuma misalinta shi ne kuɗi. A ce ana rushe tsohon gida a cikin birni, aka tarar da tukunya a bango, cikinta anini da kwabo mai huji da sule, babu ko ƙwandala ɗaya ta naira. Ba sai an gaya maka ba, ka san an binne ta kafin 1973, lokacin da aka canja kuɗi. In kuwa akwai kan wani sarkin Ingila a jiki, ka ƙara matse lokacin. Haka tsirrai suke. Kowane iri yana da lokacin da ya bayyana a duniya da lokacin da ya ɓace, kuma wanda ya ɓace ba ya dawowa. In ka tarar da iri biyar ko shida tare, sai ka nemi zamanin da dukkansu suka rayu a lokaci guda. Gaskiyar magana, bununi jeri yake bayarwa, wannan ya riga wannan. Lambar shekarun kuwa daga wani wuri ake aro ta, inda aka dace aka sami tokar dutse mai aman wuta a tsakanin shimfiɗun, aka auna ta da sinadarin yuraniyom da ke cikinta. Da haka aka gina ma'aunin da duniya duka ke amfani da shi.

Kuma hanyar tana da tarko. Tsohon kwabo yana iya shiga sabon aljihu: kogi ya kan zaizayo tsohon dutse ya zuba bununinsa cikin sabuwar laka, don haka mafi ƙuruciya a cikin samfur shi ake saurara wa. Sai dai shi ma mafi ƙuruciyar a yi hattara da shi. Ina sabon shiga aiki na taɓa ganin bununin ciyawa da yawa a wani samfur da bai kamata ya kasance da shi haka ba. Na kwana ina murna na gano abin da manya ba su gano ba. Da safe wanda ke koya mini ya leƙa madubin sau ɗaya, ya tambaye ni ko na bar taga a buɗe. Lokacin hunturu ne. Ƙwayoyin fari fat suke, sababbi, iskar bara ce ta kawo mini su.

Yanzu bari mu zo gida. An gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1909, aka fara haƙa sosai a 1916, shekarar da dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Garin Fatakwal ɗin ma don fitar da kwal aka kafa shi, ko da yake ƙarewar sunansa da "kwal" a bakinmu dacewa ce kawai, sunan wani Bature ne, Harcourt. Da aka gama gadar jirgi ta Makurɗi a 1932, kwal ɗin Inugu ya riƙa hawowa Arewa kai tsaye, kuma waɗansunmu sun tarar da kawunan jirgi masu tururi suna tuƙa hayaƙinsa a tashar nan ta Kano. Ba a kyauta aka same shi ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe leburori 21 a ramin Iva, abin da ya ƙara wa neman 'yancin kai wuta. A ƙarshen shekarun 1950 haƙar ta kai wajen tan dubu 900 a shekara, daga nan jirgi ya koma shan man dizal, yaƙin basasa ya zo, harkar ta durƙushe.

Da aka sa wannan kwal da lakar da ke tare da shi a ƙarƙashin madubi, musamman tun daga binciken van Hoeken-Klinkenberg na 1964, sai aka ga dangin giginya da kwakwa ne suka cika wurin, tare da ƙurar irin tsirran fadama. Jerin ya nuna zamanin da ake kira Mastirishiyan, watau tsakanin shekara miliyan 72 zuwa miliyan 66 da suka wuce, ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan dainoso. A 1968 waɗansu ma'aikatan kamfanin Shell su uku, Germeraad da Hopping da Muller, suka gwama bununin Nijeriya da na yankin Benezuwela da na tsibirin Boniyo, suka ga jerin yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Su man fetur suke nema, amma mu masu kwal mun ci moriyar aikinsu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne da aka juyo Arewa. A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe, akwai kwal da kamfanin simintin Ashaka ya shiga haƙa tun wajen 2007. Duwatsun Gombe da ke ɗauke da shi, da aka bincika bununinsu, sai ga 'yan gidan da aka sani a Inugu. Watau sa'o'in juna ne, duk da nisan da ke tsakani. A cikinsu akwai wata ƙwaya mai ƙaya da masana ke kira Spinizonocolpites. Ita bununin wata bishiya ce mai suna Nypa, 'yar dangin kwakwa marar dogon jiki, wadda ba ta rayuwa sai a bakin teku mai zafi, inda ruwan kogi ke gauraya da ruwan gishiri. Ku tsaya ku yi tunani, jama'a. Gombe, inda yau ake sayen ruwa a jarka, a wancan zamani bakin teku ce, kogi yana malalowa cikinta ta tsakiyar dausayi. Kwarin Binuwai gaba ɗaya tsaga ce da ta buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, teku ta yi ta shiga tana ja da baya. Ita kuwa Nypa daga baya ta ɓace daga Afirka ta Yamma ƙaf, ta saura a Asiya, sai a 1906 Turawa suka ɗauko ta daga Singafo suka dasa a Kalaba. Yanzu ta mamaye gaɓar tekun kudu har masunta na kuka da ita, ana ce mata baƙuwa, alhali kakanninta sun riga kowa zama a ƙasar.

Malaminmu na labarin ƙasa, wanda nake gani can yana murmushi, ya taɓa gaya mana a aji cewa teku ta taɓa kwanciya a Sakkwato, muka fita muna dariya a ɓoye. Malam, yau na zo in ba ka haƙuri a madadin ajinmu. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, ƙasan teku ce. Akwai ma wata dabbar ruwa mai kama da kada da aka tono ƙasusuwanta a yankin, aka sa mata suna Goronyosaurus, don garin Goronyo. A saman waɗannan duwatsu na teku akwai shimfiɗar yashi da laka da ake kira ta Gwandu, kuma masu haƙa rijiyar burtsatse sun sha cin karo da wani kwal mai taushi, ruwan ƙasa-ƙasa, a cikinta. Shimfiɗar ba ta da ƙasusuwa ko katantanwar da za a kama a faɗi shekarunta, sai da Kogbe da Sowunmi suka duba bununin cikinta a 1975. Wannan kwal bai kai shekara miliyan 56 ba, ƙanen na Gombe ne. Ita Farfesa Sowunmi ta Jami'ar Ibadan tana cikin waɗanda suka kafa wannan ilmi a ƙasar nan, na faɗi haka ne don masu 'ya'ya mata a sashen kimiyya su ji.

In muka haura Nijar kuwa labarin ya sha bamban. A Anu Araren, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙar kwal yana ƙonawa ya ba Agadas da garuruwan yuraniyom na Arlit wutar lantarki, har ana gasa wani kashi don girki saboda a rage saran itace. Wannan kwal ya haura shekara miliyan 300. Ka kwana kana dubansa a madubi ba za ka ga bununin fure ko ɗaya ba, domin a lokacin babu fure a duniya. Tsirrai masu fure ba su bayyana ba sai wajen shekara miliyan 130 da suka wuce. Ƙurar iri ce zalla, ta wani daji da ba tsuntsu, ba ciyawa, ba ƙudan zuma. Tazarar da ke tsakanin kwal ɗin Agadas da na Gombe ta ninka tazarar da ke tsakanin na Gombe da mu fiye da sau uku. A kasuwa kuwa duka biyun baƙin dutse ne a buhu.

To, mene ne amfanin duk wannan ga mai neman abinci? Ga matsalar da na ce Raistrick ya warware. A ƙarƙashin ƙasa kwal ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Sai ka sami biyar ko goma, wata bisa wata, wata kauri kamu ɗaya, wata ta fi tsayin mutum, kuma ƙasa ta kan tsage wani ɓangare ya zame ƙasa. Ka haƙa rami nan ka sami kwal a mita 40, ka haƙa can ka samu a mita 70. Shimfiɗa ɗaya ce ta nutsa, ko kuwa biyu ne daban? A ido ba za ka bambance ba. In ka ɗauka biyu ne alhali ɗaya ce, ka ninka dukiyar a takarda, banki ya ba da bashi a kan abin da babu. Amma kowace fadama da irin cakuɗar itatuwanta, don haka ƙidayar bununi ta kan nuna wace ce wace.

Bayan haka, yana faɗin halin kwal ɗin. In aka ga 'yan halittun teku sun cakuɗa da bununi a lakar da ke rufe da shi, to ruwan gishiri ya shiga fadamar, kuma irin wannan kwal ya kan zo da farar wuta da yawa, wadda ke cin tukunyar inji, ta ɓata ƙarfe, ta cuci huhun maƙwabta. Launin ƙwayar ma magana yake yi. Tana farawa da ruwan ɗorawa mai haske, in zafin ƙasa ya ƙaru ta koma ruwan goro, ta koma ruwan ƙasa, daga ƙarshe ta yi baƙi ƙirin, kamar dai yadda mai tsire ke duban nama ya san inda wuta ta kai. Da wannan ake gane ko kwal ya nuna ko ɗanye ne, da shi kuma masu neman mai ke gane ko dutse ya kai ga ba da mai ko ya ƙone ya wuce. Rijiyar Kolmani da ke iyakar Bauci da Gombe, wadda aka ba da sanarwar samun mai a cikinta a 2019, cikin wannan kwari na Binuwai take.

Misalin da ke ci mini rai shi ne Ajakuta. Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin kamfanin ƙarfen a 1980, kuma babban murhunsa yana bukatar wani kwal na musamman, wanda in an gasa shi yake narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Na Inugu da na Gombe ba su nuna har can ba. Wanda ya kusa shi ne na Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa, takwarar unguwar nan da muke zaune. Shi ya girmi na Inugu, wajen shekara miliyan 90, ya kuma sha zafi sosai. Amma shimfiɗunsa sirara ne, ƙasar ta tsattsage, ga toka da farar wuta. Matsalolin Ajakuta suna da yawa, na siyasa sun fi na dutse, ban ce bununi zai warware su ba. A ganina dai, ƙasar da ke shirin kashe biliyoyi a kan masana'anta bai kamata ta yi ƙyashin albashin mutum goma masu zaman gaban madubi ba. Na kuma san duniya tana juya wa kwal baya saboda ɗumamar yanayi. Birtaniya da ta koya mana haƙarsa ta rufe tashar lantarkinta ta kwal ta ƙarshe a watan Satumba 2024. Ra'ayina, mu da dazukanmu ke ƙarewa a murhu, tilas mu yi wannan muhawara da kanmu, amma mu yi ta muna sane da abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu da iyakarsa.

Saura mai gwangwani. Dalilin da ya sa na yanke masa hukunci ban je filin ba shi ne, birnin Kano da kudancinsa a kan tsohon dutsen gindi suke zaune, wanda ya haura shekara miliyan 500, dutsen da ya narke ya daskare tun kafin tsiro ya hau tudu, abin da bai faru ba sai wajen shekara miliyan 470 da suka wuce. Inda ba a yi daji ba, ba a yi fadama ba, kwal ba shi da ta inda zai fito. Akwai waɗansu ma'adinai a irin wannan dutse, amma ban da kwal. Sai ka nufi gabas wajen Gombe da tafkin Cadi, ko yamma wajen Sakkwato, ko ka gangara Binuwai, sannan ka hau duwatsun da ruwa ya shimfiɗa. Na ce masa kada ya tsaya a maganata, ya ɗauki gwangwaninsa ya kai ɗakin gwaji na Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa da ke Kaduna. Ya je, ya dawo, ya fasa cinikin filin. Mutumin da ya nuna masa wurin kuwa wayarsa ba ta sake shiga ba. Har yau in mun haɗu a wurin ɗaurin aure gaisuwarmu ba ta da tsawo, ina jin bai gama yafe mini arzikin da na hana shi ba.

Malam Shugaba, na ga Sakatare yana nuna mini agogo. Na zo da madubi ɗaya da 'yan gilasai guda shida, suna kan teburin da ke bakin ƙofa, jikana yana gadinsu. Na uku daga hagu shi ne mai ƙayar nan na bakin teku. Duk mai so ya zo ya leƙa, malamai su fara, amma don Allah kafin a raba abinci, domin maiƙon nama ba ya fita daga jikin gilashin.